Wane batir mai caji zan saya wa rediyon da nake fita da shi daji?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana da oba-oba ɗaya na hannu da kuma ƙaramin rediyon HF, wato na magana da nesa a gajeren zango, da kake sawa a jaka ka fita da shi, kuma matsalarka ita ce batir ɗin yana nuna a cike yake amma da ka danna PTT, wato maɓallin magana, ka fara magana sai rediyon ya dushe ko ya mutu gaba ɗaya ya sake tashi, shi ne kake so ka san wanne za ka saya tsakanin NiMH, irin ƙananan baturan AA ɗin nan masu caji, da lithium da kuma irin batirin UPS ɗin nan mai dalma, kuma wai nawa mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, ya kamata ka nema.

To bari in fara da wannan na ƙarshen, domin nan ne yawancinmu muke faɗawa rami. Ka ajiye maganar mAh tukuna. Wallahi na daɗe ina faɗa wa mutane, mAh shi ne abu na uku da ake dubawa ba na farko ba. Na farko bolt nawa rediyonka yake so, na biyu amp nawa yake zuƙa lokacin da kake magana. Rediyo ba kamar tocila ba ne da ke shan wuta daidai wa daida, shi yana zaune lafiya yana lasar wuta kaɗan-kaɗan lokacin da kake saurare, da ka danna PTT sai ya buɗe baki ya ja ninki huɗu ko biyar, wani ma ninki ashirin. Abin da ke faruwa da kai kenan. Batirinka yana da wuta a ciki amma ba zai iya ba da ita da sauri ba, sai bolt ɗin ya faɗi ƙasa da abin da rediyon zai iya jurewa, sai ya ɗauke. Kana sakin PTT bolt ya dawo, mita ta nuna maka komai lafiya, kai kuma ka tsaya kana zargin rediyo.

Ni ma abin ya taɓa cina. Akwai ranar da na hau wani dutse da batirin dalma 7Ah (Ah ɗaya mAh dubu ne) a bayana, na sha wahala kafin in kai sama don nauyinsa ya haura kilo 2, na kafa eriya na zauna na ɗora mita ta nuna 12.6, na ce alhamdulillah. Kira na farko da na yi ina kallon allon rediyon lambar ta gangaro 10 da 'yan kai, sai allon ya yi fari ya mutu. Batirin ya tsufa ne, ya daɗe a ajiye ba caji, ciki ya riga ya lalace amma a ido lafiya lau. Tun daga ranar ban ƙara auna batir ba sai da kaya a kansa, wato ina danne da PTT ina kallon mita. Awon da ka yi batir na zaune ba ya aiki ba ya gaya maka komai.

Saboda haka ɗauko littafin rediyonka ka buɗe shafin baya inda aka jera lambobi. Yawancin rediyoyin da ke aiki da bolt 12 za ka ga an rubuta 13.8V da ragi ko ƙari na kashi 15 cikin ɗari, ma'ana daga wajen 11.7 zuwa wajen 15.9. Wannan ita ce gonarka, kada ka fita daga cikinta. Wasu ƙananan sun fi haƙuri, misali Yaesu FT-817 da ƙanensa FT-818 suna karɓar daga 8 har 16, shi ya sa suke iya aiki da AA guda 8 a cikinsu. Icom IC-705 kuma yana ba da wat 10 idan ka ba shi 13.8 daga waje, amma a kan batirinsa na baya mai 7.4 wat 5 kawai zai ba ka. Ka ga kenan bolt ba wai kawai ya kunna ko bai kunna ba ne, har ƙarfin da zai fita ta eriya yana taɓawa.

Yanzu ga lissafin da ke sa na ce lithium ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan ne ake ƙona rediyo. Lithium na gama-gari, irin na waya da laftof da ƙwayoyin nan masu siffar AA amma sun fi shi girma da ake kira 18650, kowane ƙwaya ɗaya 3.7 ne a tsakiya, 4.2 in ya cika, wajen 3.0 in ya ƙare. In ka jera 3 ka samu 12.6 a cike, ya yi kyau a farko, amma ba ya daɗewa a nan, yawancin rayuwarsa yana wajen 11.1 ne ya gangara har 9. Ga rediyon da ke neman 11.7 zuwa sama, kenan ka fita daga gona tun batir bai kai rabi ba. In kuma ka ce to bari in jera 4, sai ka samu 16.8 a cike, wannan ya haura 15.9, kana iya yi wa rediyon illa da hannunka. Wato 3 sun yi kaɗan 4 sun yi yawa. Amma ga ƙananan rediyoyi masu jure 9 ko 10, jerin 3 ɗin yana aiki sumul, Elecraft KX2 ma batirin da ke cikinsa irin wannan ne mai wajen bolt 11, don an gina rediyon ne a kan haka.

Sai ɗaya lithium ɗin, LiFePO4, wanda wasu ke kira LFP. Shi ƙwayarsa 3.2 ce, 3.65 in ta cika. Jera 4 ka samu 12.8, caza tana kai shi 14.6 a ƙarshe, in ka cire ya huta ya zauna wajen 13.3, kuma abin da ya fi burge ni da shi shi ne yana nan a kan 13 da ɗan wani abu kusan har ya ƙare, ba ya gangarowa a hankali kamar sauran. Kamar dama don rediyo aka yi shi. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba in ƙarfinsu ɗaya, yana ɗaukar caji sau dubu 2 ko fiye kafin ya gaji, kuma bai da saurin kama wuta irin na ɗan'uwansa. In ka tambaye ni kai tsaye me zan saya wa rediyon HF na jaka mai son 13.8, amsata LiFePO4, ba ni da wani kokwanto. Aibinsa guda biyu da ya kamata ka sani. Na ɗaya, tunda bolt ɗinsa ba ya motsi, ba za ka iya duba mita ka ce saura rabi ba, yana iya nuna 13.0 kana murna bayan ɗan lokaci ya yanke ɗif. Maganin wannan ka sa 'yar mitar nan da ake haɗawa tsakanin batir da rediyo mai ƙirga Ah nawa suka fita. Na biyu, ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, yana lalata shi. Amfani da shi a sanyi ba laifi, cajin ne matsala.

Kuma don Allah in za ka saya ka duba BMS. Wani ɗan allo ne a cikin batirin da ke tsare shi, shi ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko ya ƙare ko aka yi shot ko aka ja fiye da ƙima. Kowane BMS yana da iyakar amp da zai bari ya wuce. Mutum zai sayi 10Ah yana ganin ya more, ashe BMS ɗin amp 10 ne iyakarsa, ya haɗa da rediyo mai wat 100 irin FT-891 wanda littafinsa ya ce yana iya jan amp 23, yana cewa "CQ", wato kiran duk mai ji, da ƙarfi sai komai ya mutu. Batirin lafiyarsa ƙalau, aikinsa ya yi. Ka nemi inda aka rubuta amp nawa yake bayarwa a ci gaba ba tsayawa, ba wanda yake bayarwa na 'yan daƙiƙu ba, lambar ta fi abin da rediyonka ke ja.

To sai yanzu mu zo kan Ah ɗin da ka tambaya. Lissafin ba wuya. Mu ɗauka rediyonka yana shan 0.4 a saurare, 2 a magana, kuma cikin kowace awa kwata ɗaya kake magana sauran kana ji. Kashi uku cikin huɗu na 0.4 ya ba ka 0.3, kwatan 2 ya ba ka 0.5, ka haɗa 0.8 kenan a awa. Zaman awa 4 ya ci 3.2Ah. In LiFePO4 ne 4.5Ah ya ishe ka har da canji tunda kana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da ka cutar da shi ba. In dalma ne sai ka ninka, don shi ba a son a wuce rabi in ana so ya yi tsawon rai, kenan 7Ah ɗin nan mai nauyi a zahiri 3.5 yake ba ka. Ka kuma lura da irin aikin da kake yi. SSB, salon magana da murya da aka fi yi a HF, yana da sauƙin ci saboda wuta tana bin muryarka ne, in ka yi shiru tsakanin kalmomi ba ya ja sosai. FM kuwa muddin kana danne yana ja a cike ko ka yi magana ko ba ka yi ba. FT8, salon aika gajerun saƙonni da kwamfuta, shi ne uban ci, kusan daƙiƙa 13 cikin kowace 15 ta zagayen da kake turawa yana ja a cike, sannan ga kwamfuta ko waya da ita ma take son wuta. In FT8 za ka yi ka ƙara a kan lissafinka sosai.

Wani abin da mutane ba sa so su ji, hanya mafi arha ta ƙara girman batir ita ce rage wat. Daga 100 ka sauko 25 abin da ka rasa 6dB ne, wato S ɗaya, mataki ɗaya a mitar ƙarfin sigina ta wanda ke jin ka, sau da yawa ma ba zai lura ba, amma kai batirinka ya samu numfashi. Ka gyara eriya ta fi maka ɗauko batir mai nauyin tsiya.

Maganar oba-oba kuma daban ce. Yawancinsu yanzu da fakitin lithium mai ƙwaya 2 suke zuwa, 7.4V, kamar na Baofeng UV-5R da aka rubuta wa 1800mAh. A nan shawarata mai sauƙi ce, ka sayi fakiti na biyu wanda aka yi don wannan rediyon ka riƙa juyawa, kada ka tsaya ƙirƙira. In ka ga kamfani ya ce batir yana kai awa kaza, galibi da lissafin 5-5-90 suka auna, wato kashi 5 magana, kashi 5 sauraren wani, kashi 90 rediyo na zaune shiru. Kai da ke zuba hira a wat 5 ba za ka ga wannan awannin ba, kada ka ce an cuce ka. In wanda kake magana da shi yana kusa ko kana shiga rifita, wato tashar da ke karɓar maganarka ta sake watsa ta nesa, da kyau ka sauko wat 1, za ka sha mamakin yadda yini zai wuce batir bai ƙare ba.

Amma ina son kowane mai oba-oba ya mallaki kwanson AA ɗin nan da ake sawa a madadin fakiti, don ranar da babu inda za ka yi caji. Nan ne NiMH ke da amfani. Ƙwayarsa 1.2 ce, ba 1.5 ba kamar batirin da ake yarwa, shi ya sa wasu ke raina shi, amma a ƙarƙashin kaya NiMH ya fi riƙe kansa nesa ba kusa ba, alkalin yana farawa da 1.5 da ka ja amp ɗaya da rabi sai ya durƙushe. Ka nemi irin wanda ba ya zubar da caji in an ajiye shi, irin su Eneloop wanda Sanyo ta fito da shi a 2005 yanzu yake hannun Panasonic. Na yau da kullum ɗinsu wajen 1900 zuwa 2000mAh ne, kana iya cajinsa ka jefa a jaka bayan wata da watanni ka ɗauko yana da wuta. Tsofaffin irin masu manyan lambobi 2700 ko sama sukan zube da kansu cikin 'yan makonni, ranar da kake buƙata ka tarar da su fanko. Ni na fi son 2000 da zan samu a kan 2700 da ke kan takarda. Caza kuma ka sayi wadda ke cajin kowace ƙwaya ita kaɗai ta kuma tsaya da kanta in ta cika, ba irin wadda ke haɗa biyu-biyu ta yi ta dafa su har su yi zafi ba. Kar ka gauraya tsoho da sabo a kwanso ɗaya, mai raunin zai ƙare da wuri sauran su tura masa wuta ta baya su kashe shi.

Gargaɗi guda a kan AA. Akwai lithium da ake kira 14500, girmansa da siffarsa sak AA, zai shiga kwanson ya zauna daram, amma 3.7 ne yana kai 4.2. Ka sa 6 a inda ake jiran bolt 7 zuwa 9 ka ba rediyo 25, sai dai ka ji ƙauri. Akwai kuma AA masu caji da aka rubuta 1.5V lithium, wasu har da ramin USB a jikinsu, waɗannan akwai ɗan na'urar rage bolt a ciki, kuma irin wannan na'ura tana iya yin ƙara a rediyo musamman a HF, sannan ba gargaɗi take yankewa. Ni ba na sa su.

Wannan ƙarar ita ce matsalar fawa bank ma. Mutane da yawa yanzu suna amfani da fawa bank mai USB-C PD da 'yar wayar da ke sa shi ya fitar da 12 ko 15, kuma ga ƙaramin rediyo mai wat 5 yana yi. Sai dai abu biyu. Lambar 10000mAh da ke jikinsa a kan 3.7 aka ƙirga, wato 37Wh, in ka mayar da shi bolt 12 wajen 3Ah ne kawai tun kafin ka cire asarar juyawa. Ka koyi kwatanta batura da Wh, bolt sau Ah, shi ne ma'aunin da ba ya ruɗi. Sannan ba kowane fawa bank ne ke ba da 12 ba, wasu 9 za su ba ka su tsallake zuwa 15. Kafin ka dogara da shi ka kunna rediyo a kan batirinsa ka saurari bandin, sannan ka jona fawa bank ka ji ko shuuu ɗin ya ƙaru ko wasu 'yan ƙararraki sun fito a jere. In sun fito to ka san duk tashar da ke da rauni ka rasa ta.

Wh ɗin nan yana da amfani in za ka hau jirgi ma. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce lithium na ajiya a jakar hannu yake tafiya ba a kayan da ake aunawa a sa a ƙasa ba, har 100Wh ba sai ka nemi izini ba, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin. LiFePO4 6Ah ya kama 76.8Wh ya wuce lafiya, 8Ah kuwa 102.4 ne ya ɗan haura. Ka rufe bakin wayoyin da salatif.

In kana da niyyar haɗa fakitinka da 18650 ka yi hattara da jabu, sun cika ko'ina. Na gaske masu girma galibi wajen 3500mAh ne, duk wanda ka ga an rubuta 6000 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta. Na taɓa sayen guda huɗu a wajen wani, bawonsu ja mai ƙyalli da lamba mai sifili da yawa, tun a hannu na ji ba su da nauyi. Na ɗora a ƙaramin sikeli, na gaske yakan kai gram 45 ko fiye, waɗannan ko kusa ba su kai ba. Na sa a caza mai auna ƙarfi ta cika su ta sauke, ko dubu ɗaya babu wanda ya kai. Tun daga nan sikeli da caza mai awo su ne alƙalaina. Kuma gaskiya in ba ka saba ba kada ka ɗora ayan soda kai tsaye a kan ƙwayar lithium, zafi yana lalata ta, ka sayi fakitin da aka riga aka haɗa da BMS ɗinsa.

Wani lokacin ma batir ba shi da laifi, waya ce. A amp 20, in wayarka da mahaɗanta suna da turjiya ta 0.05 ohm kacal ka yi asarar bolt ɗaya cur kafin wuta ta isa rediyo. Waya siririya mai tsawo, ko kilif ɗin kada da ya yi tsatsa, ko filogin sigari na mota, duk suna cin bolt. Ka sa waya mai kauri gajera, mahaɗi mai kyau irin Anderson Powerpole wanda ba ya bari ka juya ja da baƙi, sannan fis a kusa da batir ba kusa da rediyo ba, don in wayar ta goge a cikin jaka ta haɗu, fis ɗin ne zai tsaya tsakaninka da gobara. Lithium ƙarami yana iya narkar da waya cikin daƙiƙu.

Ajiya kuma kowanne da halinsa. Dalma a cike ake ajiye shi a riƙa tuna masa da caji, in ka bar shi fanko ya tafi kenan, abin da ya kashe nawa kenan. Lithium kuwa akasin haka, in zai daɗe ba aiki ka bar shi wajen rabi a wuri mai sanyi-sanyi, cika da zafi in suka haɗu su ke tsufar da shi, kada ka bar shi a mota a rana. Kowanne da cazarsa, kar ka sa cazar dalma mai yanayin gyaran batir a kan LiFePO4, kar kuma ka sa cazar 4.2 a ƙwayar 3.65. Duk fakitin da ka ga ya kumbura ko murfin oba-oba ya fara ƙin rufuwa, ka cire shi ka daina caji.

Da ni ne kai, ga rediyon HF in wat 5 zuwa 10 ne zan ɗauki LiFePO4 mai 4.5 ko 6Ah da cazarsa da fis da 'yar mita mai ƙirga, oba-oba kuma fakiti na biyu da kwanson AA cike da NiMH. Amma kafin ka kashe ko sisi ka yi gwajin nan da batirin da ke hannunka, ka ɗora mita a bakin batir ka danna PTT ka rubuta lambar, ka sake ɗorawa a bayan rediyo inda waya ta shiga ka danna ka rubuta. In ta faɗi tun a bakin batir to batir ne, in a can lafiya sai a bayan rediyo ta faɗi to wayarka ce. Ka turo min lambobin biyu da sunan rediyon in gaya maka girman da zai ishe ka.